Gidan naka ne, amma sheƙar ta wa ce?

A ce kana da gida a Ingila, rufinsa ya fara yoyo, sai a watan Mayu ka kira kafinta. Ya kafa tsani ya hau, bai jima ba ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Maigida, aikin nan sai dai a dakata. Akwai sheƙa a gindin indararo, har da ƙwai huɗu a ciki."

Ka ce ya ɗauke ta ya yar mana, ai gidanka ne, da guminka ka saya. Sai ya girgiza kai. "Yallaɓai, ni dai ba da hannuna ba. In ka matsa, sai ka nemi wani."

Kafintan nan ya san abin da yake gudu. Dokar kare namun daji da Birtaniya ta kafa a 1981 ta ce duk wanda ya kashe tsuntsun daji da gangan, ko ya ji masa rauni, ko ya ɗebe ƙwansa, ko ya lalata sheƙar da ake kan ginawa ko ake kwanci a cikinta, ya yi laifi. A Ingila hukuncin na iya kaiwa ɗaurin wata 6, ko tarar da ba a yanka mata iyaka ba. Dokar ba ta damu da sanin bangon wa aka liƙa sheƙar ba. Akwai ma wasu tsuntsaye da aka ware, irin su farar mujiya da wani jinsin shaho, waɗanda ko firgita su ka yi suna kan kwanci ka taka doka.

Ranar da na fara jin wannan, dariya na yi, na ce lallai waɗannan mutane sun ƙoshi. Daga baya da na bi asalin abin sai dariyar ta tsaya. Yanzu ina ganin dokar tana da gaskiya a gindinta. Sai dai yadda ake ɗora dukan nauyinta a kan mai gida shi kaɗai yana cutar da tsuntsun da ake cewa ana karewa, kuma wannan ɓangaren ne masu son tsuntsaye ba su cika son a taɓo ba.

Asalin irin wannan doka asara ce ta haife ta. A ƙarni na 19 akwai wata irin tattabarar daji a Arewacin Amurka da yawanta ya kai biliyoyi. In garkenta ya taso, rana takan dushe na sa'o'i. Aka yi ta harbi, ana kamawa da raga, ana lodawa a jirgin ƙasa zuwa kasuwannin birane, kowane maharbi yana ganin ɗan abin da ya ɗiba bai taka kara ya karya ba. Ranar 1 ga Satumba, 1914, ta ƙarshe a duniya, wadda ake kira Martha, ta mutu a gidan namun daji na birnin Cincinnati. A daidai wannan zamani ana ta karkashe dangin zalɓe da balbela don kawai a yi wa hulunan mata ado da gashinsu. Shekara biyu bayan mutuwar Martha, Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura, kuma a 1918 majalisar Amurka ta mayar da ita doka. Yau tana kare jinsi fiye da 1,000.

Tun a lokacin aka yi gardamar da muke yi yanzu. Jihar Missouri ta kai ƙara, ta ce tsuntsayen da ke cikin iyakarta nata ne, gwamnatin tarayya ba ta da hurumi. A 1920 Kotun Ƙoli ta yi watsi da ƙarar. Alƙali Oliver Wendell Holmes ya nuna cewa duk da'awar jihar ta jingina ne a kan tsuntsayen da jiya ba su iso ba, gobe suna wata jihar, nan da mako guda kuma sun yi mil dubu. In jiha guda ba za ta iya cewa tsuntsu nata ne ba, ina ga mai fili taku ashirin?

Dubi bilbilon da ke liƙa sheƙar laka a rumfar manomin Ingila. In sanyi ya kawo jiki sai ya tashi, ya ƙetare Bahar Rum, ya ratsa hamadar Sahara, ya dangana har Afirka ta Kudu, sannan ya juyo, sau da yawa zuwa rumfar nan da ya bari. Ita kuwa tsattsewa, masu bincike a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin sun nuna a 2016 cewa tana iya yin wata 10 a sama ba ta sauka ba, a can take ci, a can take barci. Abu ɗaya tak take buƙata daga doron ƙasa: ɗan ramin da za ta yi ƙwai na 'yan makonni. Wanda ya toshe ramin nan a watan Yuni ya kashe abin da mutanen ƙasashe goma suke da rabo a cikinsa. Kamar rafi ne da ya ratsa gonarka. Ka sha, ka shayar da dabbobinka, ka yi ban ruwa, amma takardar gonar ba ta ba ka izinin zuba masa guba ba, domin akwai na ƙasa da kai.

Rabon kuwa ba na kallo ba ne kawai. A 1958 gwamnatin Sin ta sa gwara cikin jerin abokan gaba huɗu, tare da ɓera da ƙuda da sauro, wai tana cinye hatsi. Jama'a suka fito da kwanoni da ganguna suna kora har tsuntsayen suka riƙa faɗowa don gajiya, aka farfasa ƙwai, aka rurrushe sheƙuna. Ashe gwarar nan ce ke cinye fara da sauran ƙwarin gona. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya: ƙwari suka yi wa amfanin gona rubdugu a tsakiyar yunwar da ta kashe miliyoyin mutane, har a 1960 aka cire gwara daga jerin aka sa kuɗin cizo a gurbinta. A zamaninmu ma, wani bincike da aka fitar a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Kuma in an duba, me dokar take nema daga yawancin masu gidaje? Haƙuri na 'yan makonni. Bilbilo yana kwanci kamar mako biyu, 'ya'yan su yi mako uku su tashi, ko da yake yakan sake zubi na biyu. A Amurka, da zarar sheƙa ta zama kango, babu ƙwai babu 'ya'ya, kana iya cire ta, in dai ba ta gaggafa ba ce, wadda wata doka ta 1940 ta kare ko da babu kowa a ciki. Tattabarar cikin gari da gwarar gida da aka shigo da su daga Turai ma dokar tarayya ba ta rufe su ba sam. A Jamus an hana sare shingen itatuwa daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba, amma an bar ɗan aski na gyara. Mai hankali yana tsara gyaran rufi da saran reshe kafin lokacin ƙyanƙyasa ko bayansa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga yoyo tun watan Nuwamba ya yi biris sai Mayu, ba tsuntsu ne ya cuce shi ba. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tausayin ma ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. A hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a kan hanyar tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ba a tambayi itacen wa ta yi sheƙar ba.

To amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba kowane tsuntsu ne bilbilo ba. A garuruwan bakin teku na Birtaniya akwai manyan tsuntsayen ruwa farare da suka koma yin sheƙa a kan rufin gidaje. Kukansu tun kafin asuba, kashinsu yana toshe indararo, in kuma sun ƙyanƙyashe sai su riƙa kawo wa duk mai wucewa sura, har tsofaffi su kasa fita ƙofar gidansu. Amma da yake yawan jinsin ya ragu ƙwarai a ƙasar gaba ɗaya, a Ingila yanzu sai ka nemi lasisi na musamman kafin ka taɓa sheƙarsu, kuma surutu da ƙazanta kawai ba su isa hujja ba. Akwai wani ɗan hankaka da ke cika bututun hayaƙi da kirare, abin da ke iya mayar da iska mai guba cikin ɗakin da yara ke barci. Farar shamuwar Turai tana ƙara kaya a sheƙarta kowace shekara har nauyinta ya kai ɗaruruwan kilo a kan rufin mutum. A Jamus kuwa sheƙar bilbilo tana da kariya duk shekara, ko da masu ita suna can Afirka, saboda za su dawo mata, kuma tarar cire ta na iya kaiwa Yuro 50,000. Duk waɗannan dokoki sun tanadi hanyar neman izini in akwai haɗari ga lafiya. Sai dai izinin da zai fito bayan mako shida, alhali matsalar ta mako biyar ce, ihu ne bayan hari.

Abin da ya fi damuna ya wuce takura. Doka tana koya wa mutane lissafi, kuma ba kullum take koya musu wanda take nufi ba. A kudu maso gabashin Amurka akwai wani maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai saran itace da baki, wanda ba ya haƙa raminsa sai a jikin tsohon itace mai rai na wani jinsin itacen katako da ake kira fayin, aikin da kan ɗauke shi shekaru. Dokar kare halittu masu shirin ƙarewa ta 1973 ta rufe shi, ta yadda in ya sauka a dajinka an ɗaure maka hannu a kan katako mai yawa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Dean Lueck da Jeffrey Michael, sun bi bayanan filaye a jihar Karolina ta Arewa, suka wallafa a 2003 cewa masu dajin da ke kusa da mazaunin tsuntsun sun fi saurin sare itatuwansu tun ba su tsufa ba. Dalili a fili yake: kada baƙon ya ga wurin sauka. A 2006 ma, a garin Boiling Spring Lakes na wannan jiha, da labari ya bazu cewa hukuma na zana taswirar inda tsuntsun yake, sai masu filaye suka yi rige-rigen share itatuwansu. An kafa doka don tsuntsu ya sami gida, ta sa ana rushe gidan tun bai zo ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Ingila ta ga nata salon a 2019. Kamfanonin gine-gine sun lura cewa laifi yana farawa ne daga lokacin da tsuntsu ya ɗora karan farko, sai suka riƙa lulluɓe shinge da itatuwa da raga tun kafin Maris, don kada wani ya yi sheƙa ya tsayar musu da aiki. A Bacton, a gaɓar tekun Norfolk, an shimfiɗa raga a jikin gangaren yashi, ƙananan tsuntsayen da suka taso tun daga Afirka suka iso suna ta karo da ita suna neman ramukansu na bara. Hotunan suka karaɗe intanet, mutum fiye da 350,000 suka sa hannu a takardar koke ga majalisa, aka yaye wani ɓangare na ragar Bacton. Amma a bisa harafin doka, mai shimfiɗa raga kafin lokaci bai yi laifin komai ba.

Nan ne gibin yake. Dokar Birtaniya, in ban da wasu manyan tsuntsaye uku masu farauta, tana kare sheƙa ne muddin ana amfani da ita. Tsattsewa kuwa rami ɗaya take komawa shekara da shekaru. Mai gida ya jira Disamba, ya sake rufi, ya toshe kowace kafa, bai karya doka ba. A watan Mayu su dawo su yi ta kewaya bangon suna kuka. Haka ake yi gida bayan gida, unguwa bayan unguwa, har yawan tsattsewa a Birtaniya ya ragu da fiye da rabi tun daga 1995, kuma a ƙarshen 2021 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da halinsu ya fi tsananta. Wato wanda ya fasa ƙwai huɗu yana iya gurfana gaban alƙali, wanda ya shafe mazaunin zuriya guda da siminti kuwa sai a yaba masa da gyaran gida.

Haka abin yake in aka kwatanta ƙaramin mai gida da manya. A Amurka kiyasin masana ya nuna gilashin gine-gine yana kashe ɗaruruwan miliyoyin tsuntsaye duk shekara, kyanwoyi kuma fiye da biliyan ɗaya. (Mai kukan an hana shi taɓa sheƙa, da mai zaginsa don ya taɓa, wataƙila duk suna da kyanwa a gida.) A dare ɗaya na Oktoban 2023, tsuntsaye kusan 1,000 suka mutu a jikin gilashin wani katafaren zauren taro a Chicago. Kuma tambayar ko dokar 1918 ta shafi kisan da kamfani ya yi ba da niyya ba, kamar tsuntsayen da ke faɗawa ramin dattin mai, ta zama ƙwallon siyasa. Da wannan doka aka ci kamfanin mai na BP tarar Dala miliyan 100 bayan malalar mai ta 2010 a tekun Meziko. A Disamban 2017 gwamnatin Trump ta ce dokar ba ta shafi irin wannan kisa ba, a 2020 wata kotun tarayya ta soke fassarar, a 2021 gwamnatin Biden ta koma kan tsohuwar fahimta. Ana ta wannan ja-in-ja a sama, shi kuwa mai tsani da sheƙa ɗaya a barandarsa, hukuncinsa bai taɓa motsawa ba. Mutum yana ganin wannan, kuma yana rage masa ganin girman dokar.

Ni a ganina, in jama'a ce ke cin moriyar tsuntsu, to jama'a ta kama wa mai gida kayan. Jiran mako biyar ba ya buƙatar diyya, wannan haƙƙin maƙwabtaka ne. Amma in sheƙa za ta hana mutum amfani da wani sashe na dukiyarsa shekara da shekaru, ko ta sa shi kashe kuɗi mai nauyi wajen ƙarfafa rufi, bai kamata a miƙa masa takardar gargaɗi a juya baya ba. A Karolina ta Arewa ɗin nan aka fara gwada wata dabara a 1995: mai daji ya yarda ya kula da itatuwansa yadda maƙwaƙƙwafi zai so, hukuma kuma ta yi masa alkawari a rubuce cewa in tsuntsayen suka ƙaru ba za a ƙara masa wani takunkumi a kan wanda yake da shi tun farko ba. Da aka cire tsoro, sai ga masu filaye suna shiga da ƙafarsu. A 2024 aka sassauta matsayin tsuntsun daga mai shirin ƙarewa zuwa mai fuskantar barazana. Ba wannan dabara kaɗai ta yi aikin ba, dazukan gwamnati da na sansanonin soja sun taka rawa babba, amma ta nuna mai fili ba maƙiyi ba ne sai in an mayar da shi.

Haka nan in akwai haɗari na gaske, kamar bututun hayaƙi da ya toshe ko sheƙa a kan wayar lantarki, a sami wanda zai ɗaga waya ya zo ya duba cikin kwana ɗaya ko biyu. Mutumin da ya san za a amsa masa zai kira. Wanda ya san sai ya cika takardu ya jira wata guda, da dare zai hau tsani, kuma ba wanda zai taɓa sani, don babu ɗan sandan da ke gadin indararo.

Sannan a daina kallon ƙwai kawai, a kalli wurin. Akwai wani bulo mai rami a ciki da ake sakawa a saman bango lokacin gini, tsattsewa ta shiga ta 'yar ƙofa, ba ta taɓa cikin gida, ba ta ɓata bango. Birnin Brighton da Hove ya wajabta shi a sababbin gine-gine masu tsayi tun 2020. Wata marubuciya, Hannah Bourne-Taylor, ta tara sa hannun mutum fiye da 100,000 har majalisar Birtaniya ta tattauna batun a Yulin 2023, amma gwamnatin lokacin ta ƙi mayar da shi dole a ƙasa baki ɗaya. Na kasa gane hikimar ƙasar da ke shirye ta ɗaure mutum wata 6 a kan sheƙa ɗaya, amma ta ji nauyin ce wa kamfanin da ke gina gida dubu ya sa bulo ɗaya a kowanne. Wanda zai toshe tsohon rami a ce masa ya buɗe sabo a kusa, kamar yadda hukumomin Jamus kan sharɗanta kafin su ba da izinin cire sheƙar bilbilo.

Masu cewa sheƙar da babu kowa a ciki tarkace ce kawai, su tuna da shahon New York. Tun farkon shekarun 1990 wani shaho mai jan wutsiya, da masu kallon tsuntsaye suka raɗa wa suna Pale Male, ya kafa sheƙa a saman tagar hawa na 12 na wani gidan attajirai da ke fuskantar babban lambun birnin, yana ƙyanƙyasa kusan kowace shekara. A Disamban 2004 masu gidan suka gaji da kirare da gawar tattabaru da ke faɗowa a bakin ƙofa, suka sa aka kwashe sheƙar da ƙarafan da ke riƙe da ita. Ba lokacin kwanci ba ne, don haka hukuma ba ta ga laifinsu ba. Mutanen gari suka taru a bakin titi kwana da kwanaki da alluna, masu motoci na danna ham, har masu gidan suka sauko. Kafin watan ya ƙare an kafa wani sabon kwando na ƙarfe a wurin, shahon da matarsa suka dawo suna jido kirare. Suka yi ƙwai a 2005 bai ƙyanƙyashe ba. Haka a shekara ta gaba, da ta gaba da ita. Ba a sake ganin ɗan shaho ya leƙo daga saman tagar nan ba sai a 2011.